Yadda Ƙawata Ta Mayar da Tsohon Mijina Jarumin Littafi

Shekarun baya, lokacin da aurena na fari bai daɗe da mutuwa ba, na koma gidan mahaifiyata a Agege da akwati ɗaya da keken ɗinki. Wasunku sun sha tambayata me ya sa nake yin gum duk lokacin da aka ɗauko hirar littattafan soyayyar nan da jarumi yake kulle mace a ɗaki, alhali kun san bakina ba ya hutawa. To yau zan faɗa. Abin ya wuce tuntuni, kowa ya kama gabansa, amma gara in gaya muku tun yanzu, ko da nake rubutun nan raina ɓaci yake yi.

Tsohon mijina direban tanka ne, daga Apapa yake ɗaukar mai. Ba wanda ya tilasta min shi, ni na gani na ce ina so. Mutum ne mai tsafta, mai magana a hankali, idan ya zo zance sai ya durƙusa har ƙasa ya gaida mahaifiyata. Wata huɗu da tarewa na fara ganin ɗaya fuskar tasa. Ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya, irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, wanda kowa yake jin tarin kowa. Idan zai tafi Apapa, inda layin tankoki kan riƙe shi kwana uku ko huɗu, sai ya sa kwaɗo a ƙofar ta waje ya tafi da makullin. Ya bar min jarkar ruwa da garin kwaki da bokiti. Ba sai na faɗi aikin bokitin ba. Wata dattijuwar Bayarabiya da ɗakinta yake kallon namu, Iya muke ce mata, ita take miƙo min abinci a leda ta taga, tana cewa "pele", wato sannu, a hankali don kada sauran 'yan haya su kai masa rahoto.

Wata rana bai kulle ba, na lallaɓa gida na uku daga namu aka yi min kitso. Ya dawo bai tarar da ni ba. Da na shigo bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da ni a kujera 'yar tsugunno, ya ɗauko almakashin ɗinkina, ya dinga yanke kitson ɗaya bayan ɗaya tun daga tushe. Yana yi yana cewa, "Ko gawarki tawa ce. Ba mai ganinki sai na yarda." Da ya gama ya tattara gashin ya fita ya watsa a kwata.

Wadda ta fitar da ni daga gidan nan ƙawata ce. Layi ɗaya muka taso, Islamiyya ɗaya muka yi, idan za mu yi gulma a gaban kakata sai mu juya harshe zuwa Yarabanci don ba ta ji. Iya ce ta aika mata. Ta zo da yayana da rana tsaka, shi da guduma, ita da hijabi a hannu, suka fasa kwaɗon. Ita ta ɗaura min ɗankwali kafin in fito. Manyan unguwa suka zauna, yayana ya kafe, aka samo min takarda.

Duk tsawon iddata kusan kullum sai ta zo bayan la'asar, daga Isolo inda take aure, duk da wahalar hanya. Mu zauna a ɗakin baya, in yi ta magana. Na gaya mata abubuwan da ban gaya wa mahaifiyata ba. Ita mahaifiyata abin da ta sani shi ne yana kulle ni, gashi kuwa ce mata na yi ciwon kai ne ya dame ni na aske. Ƙawata takan saurara har ta yi hawaye. Takan kuma yi tambayoyi. "Da ya faɗi haka ina yake kallo? Hannunsa yana rawa? Ke kuma me kika ji a ranki?" Ni kuwa sakarya, sai in ce a raina, ka ga mai ƙaunata, har ƙananan abubuwa take son sani.

Na san tana rubutu. Ta daɗe tana rubuta littattafan soyayya tana sakewa shafi-shafi a guruf ɗin mata na waya, amma ban taɓa bi ba, don ni a lokacin karatuna bai wuce awon riga ba.

Bayan kamar shekara, wata budurwa ta zo karɓar ɗinkinta. Ina haɗa hannun rigar, ita tana zaune kan benci tana kallon waya tana murmushi, can ta dafe ƙirji, can ta yi tsaki. Na ce mata lafiya? Ta ce, "Anti, wani littafi ne ake yayi. Ba irin na da ba ne da saurayi zai yi ta rubuta wasiƙa yana kuka. Wannan baƙar soyayya ake ce masa."

Na ce, "Soyayyar ma har da baƙa?"

Ta gyara zama ta yi min bayani. Ta ce a irin wannan labarin jarumin mugu ne, kuma marubuciyar ba ta ɓoye muguntar. Zai sace yarinya, ko ya tsare ta, ya raba ta da kowa nata, ya tsorata ta, amma duk duniya ita kaɗai yake so, kuma duk wanda ya kalle ta ya shiga uku. Daɗin karatun, in ji ta, shi ne kana jin tsoronsa kana kuma jiran ranar da zai durƙusa. Ta ce a shafin farko akan sa gargaɗi, mai raunin zuciya kada ta karanta. Kafin in ce uffan ta karɓi wayata ta sa aka jefa ni guruf ɗin. Da na ga sunan da marubuciyar take amfani da shi na gane ƙawata ce, har na ji daɗi, na ce bari in ga abin da 'yar layinmu take yi da ake ta zuzutawa.

A nan ne zan tona wa kaina asiri. Na karanta, kuma ya yi min daɗi. Jarumin wani attajiri ne mai jiragen ruwa a Apapa, dogo, ba ya dariya, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Gidansa hawa uku ne a bakin ruwa. Na ƙona shinkafar mahaifiyata sau biyu a kansa. Na ɗinka wa wata mata aljihu a bai-bai. Har rubutawa na yi a guruf ɗin da hannuna, na ce a ƙaro mana shafi, an bar mu a rataye. Shafi goma sha uku na karanta ban gane komai ba. Abincin da na ci har ya kusa kashe ni ne aka zubo min a faranti mai tsada, na zauna ina santi.

Ran da aka sako shafi na goma sha huɗu ina kan keke, da hantsi, na ɗan dakata in duba. Jarumar ta saci jiki ta tafi kitso. Ya dawo bai tarar da ita ba. Ya zaunar da ita a gaban madubi, ya ɗauko almakashi. Na ci gaba. "Ko gawarki tawa ce," in ji shi, "ba mai ganinki sai na yarda." Kalma ɗaya ba ta canza ba. Sai dai a littafin idonsa ya cika da hawaye yana yankewa, da ya gama kuma ya naɗe gashin a farin hankici ya sa a aljihun ƙirjinsa, yana fito da shi yana shinshinawa idan yana cikin jirgi.

Na koma baya na sake karantawa tun daga farko, yanzu da idon da ya buɗe. Jarumar mai ɗinki ce. Tana da wushirya, kamar ni. Mai aikin da take kai mata abinci a ɓoye sunanta Iya. Jarkar ruwan ta zama firji cike da lemo, bokitin ya ɓace, an maye gurbinsa da banɗaki mai tayil. Amma kwanakin kullen, da yadda nake ƙirga su da kiran salla, da abin da na gaya mata ina ji idan na ji ƙarar makulli, duk suna nan yadda na faɗa mata a ɗakin baya.

Sai na gangara wajen sharhin masu karatu. Wata ta ce irin wannan kishin take nema, Allah ya ba ta mai kulle ta. Wata ta ce ita ma yarinyar ta cika taurin kai, me ya kai ta kitso ba izini. Wata ta ce hankicin nan ya gama da ita, ta yafe masa komai. Can ƙasa wata ta rubuta, "Ni kam kamar na san labarin nan. Ba mai ɗinkin nan ta bayan masallaci ba ce?" Mutum uku suka sa mata alamar dariya.

Ban rufe keken ba ma. Na zura hijabi na hau danfo, motar hayar nan, zuwa Oshodi, na sake hawa wata zuwa Isolo. Duk cunkoson hanyar nan ban ji shi ba, ina ta shirya maganar da zan faɗa, da na isa kuma duk ta watse.

Na same ta a kicin tana suyar doya. Ta ce, "Ke, haka ake zuwa ba waya? Shigo, kin yi sa'a."

Na miƙa mata wayar. Na ce, "Wace ce wannan?"

Ta kalla, ta rage wutar risho, ta goge hannu a zani. "Labari ne fa, ƙawata. Ai na canza komai."

"Shi kika canza. Kin ba shi jirgin ruwa da gidan sama da hawaye. Ni kin bar min wushiryata da kekena, yadda kowa a Agege zai nuna ni da yatsa."

"Ba ki san irin rubutun ba ne. Haka tsarinsa yake. Masu karatu sun san ƙirƙira ce, ba wadda take son a yi mata haka da gaske. Kuma na sa gargaɗi a shafin farko."

Na ce, "Su kika gargaɗa. Ni wa ya gargaɗe ni lokacin da kike tambayata ko hannunsa yana rawa?"

Ta mai da ido kan kaskon doyar. Na ce, "Gashin nan a kwata ya zuba shi. Kin sani. Ke kika ɗaura min ɗankwali. Daga ina kika samo hankici?"

Ta ɗago ta kalle ni, kuma wallahi ba da mugunta ta faɗa ba, da iyakar gaskiyarta ta ce, "Idan na rubuta kwata, wa zai karanta?"

Wannan maganar ta fi shafin zafi. Na ce ta dakatar da littafin, ta goge abin da ta saka. Ta ce ba zai yiwu ba, mutane suna jira, shekara nawa tana rubutu ba wanda ya kula da ita sai yanzu. Ta ce in yi haƙuri in ga ƙarshen, zai yi nadama, zai shiryu.

Na ce, "Ya shiryu ta koma masa?"

Ta juya doyar da ta riga ta fara ƙonewa. Da na kama hanyar fita sai ta ce daga bayana, "Kar dai ki manta wa ya zo ya fasa ƙofar nan."

Na ce ban manta ba, shi ya sa na zo da ƙafata maimakon in aiko yayana.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, 'yan unguwa su yi gulmarsu su gaji. Mata suka fara kawo ɗinkin da ba su da niyyar yi, don dai su zauna a benci su kalli bakina su ga wushiryar. Wata har ta tambaye ni wai da gaske yana da jirgi. Na daure. Abin da ban sani ba shi ne akwai masu karanta irin waɗannan littattafan da murya suna naɗa, ana turawa waya zuwa waya. Direbobin da suke kwana da kwanaki a layin Apapa ba abin da suke yi sai sauraro. Haka labarin ya isa kunnensa. Abokan aikinsa suka gane, suka fara kiransa da sunan jarumin, shi kuma yana amsawa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da baffansa. Mahaifiyata mace ce mai kunyar baƙi, ta shimfiɗa musu tabarma a baranda ta kawo ruwa, ta sa aka kira ni. Na zauna a bakin ƙofa. Ya sha farar shadda, ya yi ƙiba. Baffan ya yi doguwar magana a kan haƙuri da zumunci, ya ce yaro ya gane kurensa, sun zo neman a ɗaura sabon aure.

Mahaifiyata ta ce wannan magana ai ta yarinya ce da yayanta. Sai shi ya gyara murya, da wannan sanyin maganar tasa da na sani.

"Mama, ni ban iya bayani ba, shi ya sa aka yi min mummunar fahimta. Amma ga shi wadda ta fi kowa saninmu ta rubuta. Mata ne cike da guruf, har da masu digiri, duk sun ce so ne ya sa. 'Yarki kaɗai ce ba ta gane ba. Ki saurara da kanki."

Ya ajiye wayar a kan tabarma ya kunna. Muryar wata yarinya ta cika barandar, tana karantawa tana karya murya, har da kiɗa a ƙasa-ƙasa. Shafin almakashin ya zaɓa. Shi a ganinsa nan ne ya fi fitowa da kyau. Ina kallonsa yana gyaɗa kai daidai wajen hankicin, kamar mutumin da yake tuna wani alherin da ya taɓa yi.

Mahaifiyata ta saurara har ƙarshe ba ta motsa ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Gashin nan da kika ce min ciwon kai ne ya sa kika aske?"

Na sunkuyar da kai.

Ta miƙe. Mace ce mai ciwon gwiwa, tashi yakan ɗauke ta lokaci, amma ranar ban ga lokacin da ta tsaya ba. Ta kama gefen tabarmar ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, kai babba ne. Ku tashi min daga kan tabarma." Baffan ya fara cewa Hajiya a bi a hankali. Ta ce, "Na bi a hankali shekara biyu ban san abin da nake bi ba. Ku tashi." Suka tashi. Ta naɗe tabarmar a gabansu, ta ɗauki kofin ruwan da ya sha ta watsar da sauran a waje. Shi kuwa ya tsaya yana kallona da mamaki na gaske, wai shi an ƙi fahimtarsa karo na biyu.

Bayan sun tafi ba ta yi min magana ba har aka yi la'asar. Ina zaune kan keke ba na ɗinka komai ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Kin gaya wa 'yar mutane, ba ki gaya min ba. Sai a waya zan ji, da kiɗa." Ta juya ta shiga ɗaki. Duk abin da ya faru a wannan lamarin, wannan ne har yau ya fi yi min ciwo. Na ɓoye mata ne don kada hawan jininta ya tashi, ƙarshe a bakin mutumin da ya aikata ta ji, a gaban baƙo.

Washegari da safe na shiga guruf ɗin na danna wajen naɗar murya. Ban shirya ba, kuma na san muryata ba ta yi daɗin ji ba. Na ce ni ce mai ɗinkin bayan masallaci da ake tambaya. Na ce ba jirgi, ba gidan sama, ɗaki ɗaya ne da bokiti. Na gaya musu aikin bokitin, dalla-dalla, da yadda ɗaki yake wari a kwana na uku. Na ce bai yi hawaye ba, hamma ma ya yi da ya gama, gashin kuma yana kwatar gidan idan ruwa bai tafi da shi ba. Na ce jiya ya zo gidanmu da littafin nan a matsayin shaidarsa. Na ce duk mai son a kulle ta, na san inda yake, ba shi da mata yanzu.

Minti goma ba a yi ba aka cire ni. Budurwar nan da ta sa ni a guruf ɗin ta gaya min daga baya an goge saƙon, an kuma rubuta cewa guruf na nishaɗi ne, ba wajen kawo matsalar gida ba. Amma kafin a goge wasu sun riga sun adana.

Kwana biyu wayata ba ta huta ba. Wasu zagina suka yi, wai baƙin ciki nake wa ƙawata don ta yi suna, wai na ɓata musu labari ana tsakiyar daɗi. Wata ta ce ai da na yi haƙuri kamar jarumar da yanzu ina cikin daula. Wasu suka ba ni haƙuri. Sai wata lamba da ban sani ba, ba hoto ba suna, ta turo layi ɗaya: "Anti, kwaɗon da guduma ake fasa shi ko sai an kira mai walda?" Na rubuta mata cewa guduma ta isa, na tambaye ta tana ina, tana da 'yan'uwa a kusa, in turo yayana. Ta karanta ba ta amsa ba. Na kira, a kashe. Na yi ta kira har sati biyu, daga baya aka ce lambar ba ta aiki. Ban san ko wace ce ba, ban san yadda ta ƙare ba. Abin da na sani shi ne tana cikin guruf ɗin nan, tana karanta yadda mata suke roƙon Allah ya ba su irin mijinta.

Ƙawata ta ƙarasa littafinta. An ce jarumin ya yi hatsari, ya kwanta asibiti yana kiran sunan jarumar, ta koma, ta haifa masa tagwaye. Shi kuwa na gasken bai sake zuwa ba, don yayana ya je har garejinsu ya yi magana da ogansa. Na ji ya yi wani auren a wata unguwa, na yi wa matar addu'a.

Shekara uku ba mu haɗu da ƙawata ba. Rannan na shiga danfo a Oshodi zan dawo gida da yadi, ana yayyafi, sai da na zauna na ga ita ce a gefena. Ba wajen matsawa. Muka gaisa. Ta tambayi Mama, na tambayi yara. Can ta ce ta daɗe tana son nemana, abin yana damunta, ta san ba ta kyauta ba. Na fara saukowa, don ko me ta yi, mutum ba ya samun ƙawar ƙuruciya sau biyu. Har na buɗe baki zan ce ya wuce.

Sai ta ce, "Shi ya sa nake tunanin in yi na biyu, daga ɓangarenki. Yanzu masu karatu sun fara son wanda macen take ramawa. Ranar da ya zo gidanku ɗin nan, da Mama ta naɗe tabarma, me ta ce daidai?"

Na kalle ta. Fuskarta irin ta ɗakin baya ce sak, idon nan mai tausayi da jiran amsa. Na ɗaga murya na ce wa kwandasta akwai sauka. Ko rabin hanya ba mu yi ba. Na sauka da yadina a ka, ruwa ya ƙaru, na tsaya a bakin titi kusan awa ban samu wata motar ba. Na isa gida jiƙe sharkaf, yadin mutane ya yi zuba, na yi mura ta sati guda. Jarumar littafi da ta sauka haka da wata baƙar mota ta tsaya mata. Ni keke mai ƙafa uku na samu da ƙyar, shi ma a gaba kusa da direba.

Tun daga lokacin na karanta irin waɗannan littattafan da dama, don ina son in san abin da nake fushi da shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, wasu an iya rubuta su, kuma na gane abin da yake jan mutane. Akwai daɗi a jin tsoro kana kwance a gadonka, ka san idan ya ishe ka za ka kife wayar ka tashi. Ba ni da faɗa da mai karantawa, ba ni da faɗa da wadda ta zauna ta ƙirƙiro mugunta daga kanta. Faɗana da wadda ta ɗauki abin da aka yi wa mutum mai rai, ta wanke wanda ya yi, ta fesa masa turare, ta miƙa masa a hannu ya zo da shi gidan uwata yana neman a yaba masa. Kafin littafin nan, tsohon mijina ya san abin da ya yi, shi ya sa bai taɓa iya haɗa ido da yayana ba. Bayan littafin ya daina sani.

An yi min nasiha a kan yin gaba da ƙawata, kuma na ji. Yanzu idan muka haɗu a biki ko suna ina yi mata sallama, ina amsa tata, har in ɗauki 'yarta in yi mata wasa. Na yi wani auren, ina zaune lafiya, ina da ƙawaye masu kirki da ba su yi min komai ba. Sai dai su ma abin ya shafe su, don akwai wani abu da na iya a da wanda yanzu ban iya ba. Duk wadda ta dafa kafaɗata ta ce, "Gaya min, me yake damunki?" sai in ji bakina ya ce lafiya lau tun kafin in yi tunani, ko da kuwa ba lafiyar ba ce.